Idan Shan Magani Ya Yanke A Hanya

A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya wata kalma a cikin rajistar masu tarin fuka. Sauyin bai shiga labaran rediyo ba, amma mu da ke zaune a bayan tagar ɗakin magani mun daɗe muna juya shi a rai. Kafin wannan shekara, majinyacin da ya yi wata biyu a jere bai zo karɓar maganinsa ba, sunan da ake rubuta masa yana nufin wanda ya saɓa alkawari. Daga baya aka ce a daina, a riƙa rubuta cewa an rasa inda yake. Kalmar farko tana nuna majinyaci da yatsa. Ta biyun kuwa tana barin ƙofar tambaya a buɗe: wa ya rasa wa, kuma me ya shiga tsakani?

Wanda ya san yammacin jihar Katsina a shekarun nan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ƙananan hukumomin Batsari da Safana jingine suke da dajin Rugu, kuma mutanen Ruma da Wagini da Runka da ƙauyukan da ke kewaye da su sun ga abin da baki ba ya iya ƙirgawa. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutane kusan talatin a harin da aka kai Tsauwa da Dankar. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, bayan an riga an hana sayar da fetur a jarka. Ma'aikacin lafiyar da ya saba kiran majinyaci ya tuna masa ranar karɓar magani sai ya wayi gari waya ba ta shiga, ɗan acaɓan da zai kawo majinyacin kuma yana neman mai. Mutumin da ya fita daga gidansa da tsakar dare, yaro ɗaya a kafaɗa ɗaya a hannu, ba ya komawa ɗaki don ya ɗauko ledar magani daga ƙarƙashin matashi. Idan aka rubuta wa irin wannan mutum cewa ya saɓa alkawari, an zalunce shi sau biyu.

Sai dai ƙwayar cutar ba ta san uzuri ba. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin na lura cewa yankewar shan magani, duk da haɗarinta, sau da yawa ana iya gyara ta. Abin da ya fi kashe mutane shi ne abin da ke biyo bayanta: kunya, da ɓoyewa, da jinkirin komawa.

Bari mu fara da yadda maganin yake aiki, don a gane dalilin tsawonsa. Tarin fuka, wanda da yawa ke kira tibi, ana shan maganinsa wata shida. Wata biyun farko magunguna huɗu ne a dunƙule cikin ƙwaya ɗaya: rifamfisin da aisoniyazid da firazinamaid da itambutol. Wata huɗun ƙarshe biyun farko kaɗai ake ci gaba da sha. Adadin ƙwayoyin da mutum zai haɗiya a rana ya dogara da nauyin jikinsa, shi ya sa ake ɗora shi a ma'auni. Cikin 'yan makonni zazzaɓin dare yakan sauka, tari ya yi sauƙi, abinci ya fara daɗi, mutum ya ji ƙarfin ɗaukar fartanya. A nan ne tarkon yake. Ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa da sauri su ne suka mutu. Akwai wasu da ke lafe a cikin huhu kamar iri a ƙasa lokacin rani, ba sa motsi sai jefi-jefi, kuma magani ba ya cin su sai a lokacin da suka motsa. Watannin ƙarshe na farautar waɗannan ne. Manomin da ya yi noman farko ya ƙi yin maimai ya san abin da zai tarar a gonarsa.

Wata shida ɗin nan da magunguna huɗun nan ba wanda ya zauna rana ɗaya ya tsara su. Kowane sashe na wannan tsari an same shi ne bayan an sha ƙasa, kuma ina ganin majinyaci yana da haƙƙin ya san haka.

Robert Koch, likitan ƙasar Jamus da ya gano ƙwayar cutar a 1882, shi da kansa ya fito a 1890 ya shelanta cewa ya samo abin da zai warkar da ita. Marasa lafiya suka yi ta kwarara zuwa birnin Balin. Maganin bai warkar ba, wasu ma ya ƙara musu ciwo, kuma sunan Koch ya zube ƙwarai a wancan lokaci. Amma an lura da wani abu: fatar mutumin da ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar takan kumbura a inda aka tsira masa wannan ruwa. Abin da ya gaza zama magani sai ya zama gwaji, kuma har yau ana amfani da shi a asibitoci.

Bayan fiye da shekara hamsin aka samo allurar sitireftomaisin. A gwajin da aka yi a Birtaniya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1948, an raba majinyata 107 gida biyu. Cikin 55 da aka yi wa allurar, 4 ne suka rasu a wata shidan farko. Cikin 52 da aka bar su da hutun gado kawai, 14 suka rasu. Duniya ta yi murna. Murnar ba ta daɗe ba, domin a jikin mafi yawan waɗanda aka yi wa allurar ƙwayar cutar ta koyi bijire mata, kuma da aka waiwayi majinyatan bayan shekara biyar sai aka tarar tazarar da ke tsakanin gidajen biyu ta kusa shafewa. Daga wannan faɗuwa aka ciro ƙa'idar da dukkan maganin tarin fuka ya ginu a kanta: magani ɗaya ba ya isa. A cikin miliyoyin ƙwayoyin cutar da ke huhun mutum guda, ba a rasa 'yan ƙalilan da magani ɗaya ba ya ci. Idan shi kaɗai aka ba da, sai ya share musu fili su yaɗu. Idan aka haɗa uku ko huɗu, wadda ta kuɓuce wa wannan sai wancan ya kama ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. John Crofton da abokan aikinsa a birnin Edinbara sun nuna a shekarun 1950 cewa da magunguna uku a haɗe, ana sha ba fashi, kusan kowane majinyaci yana iya warkewa.

Saura kalmar nan, ba fashi. A birnin Madras na ƙasar Indiya, binciken da aka fara a 1956 ya tabbatar da cewa talaka yana iya warkewa a gidansa kamar yadda zai warke a gadon asibiti. Amma masu binciken sun ga wata matsala da ba ta cikin kwalba: mutum idan ya ji sauƙi yakan daina sha, ko Ba'indiye ne ko Bature. Daga nan tunanin a riƙa shan magani a gaban wani ya samo tushe, Karel Styblo ya gina tsari a kansa a Tanzaniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke shi a shekarun 1990. Shi ne tsarin da ake bi a cibiyoyin tarin fuka na Nijeriya, inda gwaji da magani duk kyauta ne. Ke nan tun asali an gina tsarin ne bisa sanin cewa ɗan'adam yana tuntuɓe. Majinyacin da ya dawo bayan yankewa bai zo da wani baƙon abu ba. Akwai shafinsa a littafin ƙa'idojin aiki tun kafin a haife shi.

Na ga yadda kunya take aiki a kan wani dattijo, manomi daga wani ƙauye a yammacin Batsari, wanda gudun hijira ya kai shi wani kango a bayan gari shi da iyalinsa. An auna kakinsa, an tabbatar da cutar, an tambaye shi ko ya taɓa shan maganin tarin fuka, ya ce bai taɓa ba. Aka rubuta shi a sabon majinyaci, aka turo shi wurina. Ina cikin yi masa bayanin da nake yi wa kowa, na ce, “Baba, za ka ga fitsarinka ya yi ja kamar ruwan goro, kada ka tsorata, aikin maganin ne.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “Na sani, likita. Har zufa ma takan yi.”

Muka yi shiru mu biyu. Matarsa da ke tsugune a gefe ta sunkuyar da kai. Na rage murya na ce, “Baba, a ina ka san haka?”

Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, “Mi zan ce maka, ɗan nan? Na sha wata ukku a can gida. Daren da aka tashe mu, da kati da magani duk can suka tsaya. Na ji an ce wanda ya yanke ba a sake ba shi. Kuma ina jin nauyin a ce dattijo kamata ya yi wasa da abin da gwamnati ta ba shi kyauta.”

Wata biyar ya yi yana ɗauke da wannan nauyi, yana sayen maganin tari na ruwa a kyamis, yana kwana ɗaki ɗaya da jikoki uku. Maganar da ta suɓuce masa ita ce ta sauya komai. Na mayar da shi wurin mai kula da sashen, aka gyara rajista, aka tura kakinsa gwajin da ke nuna ko ƙwayar cutar ta fara bijire wa magani, aka kira jikokin aka duba su. Allah ya taimake shi, cutar tana jin magani har lokacin. Ya sake farawa daga rana ta ɗaya, babban ɗansa ya zama mai tsaya masa yana yi wa kati alama kullum da safe, ya cika wata shida. Ƙaramar jikar, wadda ba ta kai shekara biyar ba, an ɗora ta a kan maganin kariya.

Jita-jitar da ta tsare shi, cewa wanda ya yanke ba a sake ba shi, ƙarya ce tsagwaronta, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya ƙaryata ta a majalisa da gidan biki. Ana sake ba shi, kyauta kamar farko. Abin da ake nema a wurinsa gaskiyar lissafi ce kawai: wata nawa ya sha, yaushe ya tsaya, kwana nawa ke nan. Matakin da za a ɗauka ya rataya ne a kan waɗannan amsoshi. Wanda ya yi fashin 'yan kwanaki yawanci ci gaba zai yi, a rama masa abin da ya wuce a ƙarshe. Wanda ya daɗe sai an sake auna kaki. Wanda ya kai wata biyu sai an binciki bijirewa kafin a san abin da za a ɗora shi a kai. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, tana iya nuna cutar da kuma bijirewarta ga rifamfisin cikin kamar sa'a biyu, kuma inda babu ita ana aika kakin zuwa inda take. Idan majinyaci ya ɓoye tarihinsa, ya sa likita ya yi lissafi da lambobin da ba daidai ba, kuma jikinsa ne zai biya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai wata faɗuwar kuma wadda ta fi wannan ciwo a zuciya, ita ce ta mutumin da bai taɓa fashin kwana ɗaya ba. Ana auna kaki a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Idan a wata na biyar har yanzu ana ganin ƙwayar cutar, sai a rubuta cewa maganin ya gaza. A lura da kyau, maganin aka ce. Na taɓa ganin wata matashiya daga yankin Safana da aka gaya wa haka, ta zazzage jakarta a kan tagata, fallayen magani da ta ɓare tun ranar farko duk ta adana su a ɗaure da zare, tana cewa cikin kuka, “Yaya, ka ƙirga da kanka.” Na ƙirga, sun cika. Mutum yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ta riga ta koyi bijirewa a jikin wani tun kafin ta iso gare shi. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba yana rage nasarar magani, haka ma cutar da ke karya garkuwar jiki, shi ya sa ake gwada su. A irin wannan hali, dangin miji da ke cewa ai ba ta sha ne, ko kuma asiri ne a koma wurin boka, suna ƙara mata ciwo a kan ciwo. Sakamakon wata na biyar saƙo ne cewa wannan makami bai dace da wannan abokin gaba ba, a canza wani.

Kuma wanin yana nan, ya ma fi na da sauƙi nesa ba kusa ba. A shekarun baya mai tarin fuka mai bijirewa yakan shafe wata 18 zuwa 24 yana shan magani, da allurai na watanni waɗanda suka kurmantar da mutane da yawa. Wahalar waɗancan majinyata da yawan waɗanda suka kasa kaiwa ƙarshe su suka tilasta neman wata hanya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin wata shida na ƙwayoyi zalla, ba allura, ga mafi yawan masu irin wannan tari. Ba kowa ne ya dace da shi ba, likita ne zai tantance, amma kalmar bijirewa ta daina zama hukuncin da ta kasance a da.

A nan dole in faɗi wata magana game da ɓangarenmu, mu ma'aikata. Dattijon can bai ƙirƙiro tsoronsa daga iska ba. Akwai tagogin da idan majinyaci ya dawo bayan fashi, abin da zai fara ji tsawa ce a gaban layi, a ce masa ya ɓata wa mutane lokaci. Na fahimci gajiyar da ke haifar da haka. Ma'aikaci ɗaya ne a kan aikin mutum biyar, kuma shi ma ta wannan hanyar mai haɗari yake zuwa aiki. Amma tsawa ɗaya a gaban mutum ashirin tana koya wa ashirin ɗin cewa idan nasu ya yanke, su yi ƙarya ko su ƙi dawowa. A ra'ayina, wanda ya dawo da ƙafarsa bayan wata uku ya cancanci a fara ce masa sannu da zuwa kafin a buɗe rajista. Shi ne ya yi abu mafi wuya a ranar.

Ga iyalan da har yanzu suke zaune a inda dare ba shi da tabbas, akwai abin da tuntuɓen wasu ya koya mana, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗauki hoton katin magani gaba da baya a waya, a tura wa wani ɗan'uwa da ke Katsina ko Dutsin-ma ko Kano, domin waya ma tana ɓata. Magani da kati su zauna a leda ɗaya, a wurin da hannu zai kai a cikin duhu. Wata mata ta ce mini a lalitar da take ɗaurawa a ƙugu take ajiye nata, kuma ban ji dabarar da ta fi wannan ba. A ba ma'aikacin cibiya lambar mutum biyu, ɗaya a wani gari daban. Wanda ya san zai tashi ya nemi takardar canjin cibiya. Wanda tashin ya zo masa ba shiri ya je cibiyar tarin fuka mafi kusa da inda ya sauka tun a makon farko, ko ba kati, ya faɗi sunan garin da ya fara da watan da ya fara. Inda waya ke shiga, lambar 3340 kyauta ce, ana tambayar inda cibiya take.

Abu guda kuma da nake roƙo da babbar murya: kada a ja magani. Mutum ya ga saura na kwana biyar, hanya kuma a rufe, sai ya ce bari ya riƙa shan ƙwaya biyu maimakon huɗu don ya kai kwana goma. A ido wannan tattali ne, a cikin huhu kuwa horo ne ake ba ƙwayar cutar, irin wanda gwajin 1948 ya nuna: maganin da bai isa ya kashe ba yana koya mata yadda za ta tsira. A sha cikakken adadi har ya ƙare, a riƙe ranar da ya ƙare, a nemi hanya. Haka nan kada a raba shi da wani mai tari a gida, kuma kada a cike giɓi da rifamfisin tsurarsa daga kyamis.

Wani lokaci maganin ne da kansa yake kora mutum, kuma wannan ma labari ne da ya kamata a kawo taga maimakon a yanke a yi shiru. Jan fitsari ba komai ba ne. Jin ƙafafu suna zugi ko kamar ana tsira allura yana da sauƙin gyara da ƙwayar bitamin B6. Amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dusashewa, ko ƙuraje suka feso a jiki, a dakata a zo asibiti a ranar, domin hanta ko jijiyar ido ce take magana, kuma akwai yadda ake sake jera magungunan. Matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ko take da ashanar hannu ta faɗa tun farko, saboda rifamfisin yana rage musu ƙarfi. Mai fama da yunwa kuma, wanda maganin ke murɗa wa ciki da safe, ya faɗa ba tare da jin nauyi ba. An fi so a sha kafin karin kumallo, amma a sha da ɗan koko ya fi a bari, kuma ana iya duba lokacin da ya fi dacewa da shi.

Wanda ya sake farawa kuma ya sani cewa lissafinsa sabo ne. Watanni ukun da ya sha a can baya ba a haɗa su da na yanzu, ko da ya ji jikinsa garau a wata na uku ya ga kamar jimla ta cika shida. Gwajin kaki na wata na biyar da na shida su ne ke rufe littafi, kuma ko tari ya ɗauke har kakin yana wuyar fitowa, a je a karɓi kwalbar a gwada da sassafe. Bayan an sallame shi ya adana katin da aka rubuta sakamakon a kai, domin idan tari ya sake kai mako biyu, ko bayan shekaru ne, wannan katin shi ne abu na farko da za a tambaye shi.